Kafin Furen Ya Fara Warin Jini: Yadda Masoya Hunger Games Suka Karɓi Ƙuruciyar Shugaba Snow

A watan Janairun 2020 mujallar Entertainment Weekly ta Amurka ta buga wani ɗan yanki na sabon littafin Suzanne Collins, kafin ka ce kwabo masoya Hunger Games sun yi ca. Tun tsakiyar 2019 aka sanar cewa marubuciyar za ta koma duniyar Panem, kuma labarin zai faru ne shekara 64 kafin zamanin Katniss Everdeen, jarumar littattafan farko. An shafe watanni ana hasashe, da yawa sun sa rai labarin Mags ne, tsohuwar nan ta Gunduma ta 4 da ta shige cikin hazo mai guba don abokan tafiyarta su tsira. Sai ga shi jarumin littafin ba kowa ba ne illa Coriolanus Snow yana ɗan shekara 18, wato azzalumin shugaban da aka yi littattafai uku da fina-finai huɗu ana jiran ranar da za a ga bayansa.

Tambayar da ke bakin kowa ita ce, yanzu kuma tausayinsa ake so mu ji? Fargabar tana da dalili. Watanni uku kacal kafin nan aka fitar da Joker, a baya an yi Maleficent, kuma Hollywood ta riga ta gano akwai kuɗi a cikin ɗauko mugun labari a wanke shi tas, a nuna duniya ce ta fara cutarsa. Waɗanda suka ga abin da Snow ya yi wa Peeta, abokin tafiyar Katniss, da yadda aka lakaɗa wa Cinna mai ɗinki duka a kan idon Katniss, da ruwan bama-baman da ya shafe Gunduma ta 12, ba su shirya sauraron wani uzuri ba.

Ga wanda bai san labarin ba, Panem ƙasa ce da aka ƙirƙira a kan kufan Arewacin Amurka bayan yaƙi da bala'o'i sun cinye duniyar da muka sani. Babban birninta, Kafitol, yana cikin daula, gundumomi kuwa bauta suke yi masa: wannan ta haƙo kwal, waccan ta kama kifi, wata ta yi noma. Sun taɓa yin tawaye aka murƙushe su, aka kuma yanke musu hukuncin cewa duk shekara gundumomi 12 za su ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya kowacce, 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su su 24 a fage su yi ta kashe juna har sai saura mutum ɗaya, ana haskawa a talabijin. Littafin farko ya fito a 2008, fim ɗinsa a 2012, kuma fina-finai huɗun da Jennifer Lawrence ta ja sun tara abin da ya kusa dala biliyan 3 a faɗin duniya. A cikinsu duka Donald Sutherland ne ya fito a Snow, dattijo mai farin gemu da magana a hankali, kullum da farin fure a ƙirji don ya danne warin jinin da ke fita daga gyambon bakinsa. Gyambon ya same shi ne wajen shan guba a kofi ɗaya da abokan hamayyarsa don kada su yi zargin komai, shi ya koma ya sha makari, su kuma su sheƙa.

Littafin The Ballad of Songbirds and Snakes ya fito a watan Mayun 2020, ana tsakiyar kullen korona. Fim ɗinsa ya biyo baya ranar 17 ga Nuwamban 2023, kuma Francis Lawrence, wanda ya ba da umarnin uku daga cikin huɗun farko, shi ya sake riƙe ragamar. Ina cikin masoyan da suka biyo labarin tun daga littattafai, kuma a ganina in ka cire Catching Fire, wato fim na biyu, babu wanda ya kai wannan a jerin. Sai dai yana da rauni guda da ya sa ɗimbin masu kallo suka fito daga sinima da fahimtar da ba ita Collins ta rubuta ba. Zan tona ƙarshen labarin, wanda bai kalla ba sai ya yi haƙuri.

Rigar uba da maɓallan banɗaki

Fim ɗin ya buɗe da yara biyu a kan titin Kafitol lokacin yaƙi, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, suna laɓe suna kallon wani mutum yana sare ƙafar gawa don ya ci. Coriolanus ne da 'yar uwarsa Tigris. Da suka isa gida kakarsu ta shaida musu an kashe mahaifinsa, Janar Crassus Snow, a dajin Gunduma ta 12. Daga nan aka tsallako zuwa safiyar ranar da ake jefa ƙuri'ar zaɓen yaran wasa karo na 10.

Gidan Snow babban gida ne da arziki ya yi wa ƙaura, sai suna kawai ya rage. Saurayin ba shi da rigar da zai sa ya shiga cikin 'ya'yan manya a makaranta, Tigris ce ta kwana tana gyara tsohuwar rigar mahaifinsa, ta yi mata maɓallai da 'yan guntayen tayil ɗin da ta ɓanɓaro daga banɗaki. Ya taka da ƙafa har makaranta, da wata 'yar ajinsu ta ga yana gumi sai ya ce ai sun ba direba hutu ne. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, ya san ɗan gidan da ake fita da babbar riga mai sitaci alhali tukunya ba ta hau murhu ba. Abin lura shi ne, tun a wannan safiyar ba yunwar ce ta fi damun Coriolanus ba, abin da yake tsoro shi ne a gane yana jin ta. Duk abin da zai aikata daga baya yana da saiwa a nan.

Wasan da muka tarar a wannan zamanin bai yi kama da wanda Katniss ta shiga ba. Ita jirgin ƙasa mai fitilun lu'ulu'u da teburan abinci ya ɗauko ta, masu kwalliya suka tarbe ta. Waɗannan kuwa a taragun shanu aka kwaso su, aka juye su daga bayan mota cikin kejin gidan namun daji, babu mai tunanin ba su abinci. Fagen ma tsohon dandali ne mai rufi, ba dajin ƙirƙira mai cike da na'urori ba. An ɗauki cikinsa a wani ƙaton zauren kankare da aka gina a 1913 a birnin Wrocław na ƙasar Polan, wajensa kuma a filin wasan Olamfik na Berlin, wanda gwamnatin Hitila ta gina don gasar 1936. Babban titin Kafitol shi ne Karl-Marx-Allee na tsohuwar Berlin ta Gabas. Ba a zaɓi wuraren nan da ka ba. Birni ne da ya fito daga yaƙi yana sake gina kansa, da injinan ɗaga kaya a sama da ramuwar gayya a zuci, kuma gine-ginen Jamus sun san wannan labarin tun kafin a rubuta shi.

Matsalar masu mulki a shekara ta 10 ita ce mutanen Kafitol sun daina kallo. Yara ne masu rama da tarin fuka suna sarar juna, wa zai ɓata yininsa? Shi ya sa aka ɗauko ɗalibai 24 mafiya hazaƙa aka ba kowa yaro guda ya zama jagoransa, aka ce musu kyautar kuɗin karatu ba ta wanda yaronsa ya yi nasara ba ce, ta wanda ya mai da yaronsa abin kallo ce. Coriolanus aka haɗa da yarinyar Gunduma ta 12, wadda kowa ya ɗauka ita ce ta ƙarshe a daraja. Sunanta Lucy Gray Baird, kuma tun a dandalin ƙuri'a ta nuna ko ita wace ce: ta zura wa 'yar magajin gari maciji a bayan riga, uban ya kwaɗa mata mari a gaban kyamara, ta miƙe ta kama makirfo ta rera waƙa.

A nan ne fim ɗin ya faɗi abin da ya zo faɗa, kuma a nan ya fi burge ni. Snow bai ƙirƙiro kisan yara ba, ya tarar ana yi. Shi 'yan kallo ya ƙirƙiro. Shi ya kai wa shugabar masu shirya wasan, Dakta Volumnia Gaul, shawarar cewa in ana so mutane su kalla sai an sa sun san yaran, sun ji suna son wani a cikinsu, a bar su su yi caca a kansa, su kuma tura masa ruwa da abinci da kuɗinsu. Duk abin da ya zama kayan ado na wasan a zamanin Katniss, daga hira da yaran a talabijin har kyautar da ake sauko wa da mai farin jini, daga takardar wannan ɗalibin ya samo asali. Collins ta sha faɗa cewa tunanin littafin farko ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshi, nan matasa suna gasa a shirin talabijin, can kuma ana nuna yaƙin Iraƙi, har hotunan biyu suka fara cakuɗa a idonta. Mahaifinta hafsan sojan sama ne da ya je Biyetnam. Mu da muke ganin yadda ake kashe kuɗi wajen jefa wa 'yan Big Brother Naija ƙuri'a, da yadda shagunan cacar ƙwallo ke cika ranar Asabar, ba sai an ja mana kunne ba kafin mu gane cewa hanya mafi sauƙi ta riƙe mai kallo ita ce a sa ya ji yana da hannun jari a abin da yake kallo.

Viola Davis ta yi Dakta Gaul da idanu masu launi biyu da dariyar da ke sa tsigar jiki tashi, Peter Dinklage kuma ya yi Casca Highbottom, shugaban makarantar da ya mai da kansa ɗan maye don ya manta cewa daga kansa tunanin wasan ya fito. Jason Schwartzman ne Lucky Flickerman, mai karanta hasashen yanayi da aka ɗauko ya gabatar da shirin, yana zuba barkwanci yara na mutuwa a bayansa. A sinima mutane sun yi ta dariyar maganganunsa, can sai ka ji dariyar ta yanke, kowa ya tuna abin da ake yi wa dariyar.

Akwai wuri guda a fagen da bai kamata a wuce shi da sauri ba. Reaper, yaron Gunduma ta 11, ya daina farautar kowa. Ya bi gawarwakin yaran da suka mutu ɗaya bayan ɗaya ya jera su a tsakiyar fili, ya je ya fizgo ƙatuwar tutar Panem daga bango ya lulluɓe su da ita. Kyamara ta juya kan ɗaliban Kafitol da ke kallo a allo. Mutanen da suka ga an soke yara ba su ko motsa ba, yanzu sun dafe ƙirji don an taɓa tuta.

Waƙa, da saurayin da ya yi kyau fiye da kima

Masoya sun saba cewa Katniss mafarauciya ce da aka tilasta wa yin wasa a gaban jama'a, Lucy Gray kuwa 'yar wasa ce da aka tilasta wa yin faɗa. Ta fito ne daga wani ayarin makaɗa masu yawo gari-gari da yaƙi ya ritsa da su a Gunduma ta 12, don haka ba ta ma ɗauki kanta 'yar can ba. Rachel Zegler, wadda ta yi fice a West Side Story na Steven Spielberg a 2021, ita ta rera waƙoƙin da bakinta a wurin ɗaukar fim ɗin, Dave Cobb na Nashville kuma ya ɗora su a kan salon kiɗan mutanen tsaunukan Appalachia, yankin haƙar kwal da Collins ta kafa Gunduma ta 12 a kansa. A nan muka ga asalin The Hanging Tree, waƙar da Katniss za ta mai da taken tawaye bayan shekara 65: Lucy Gray ce ta tsara ta bayan ta ga an rataye wani mutum. Wasu 'yan kallo a Amurka sun yi ƙorafin waƙa ta yi yawa. Wanda ya tashi da fina-finan Indiya da na Kannywood ba zai ga abin ƙorafi ba, balle a nan waƙar ita ce makamin yarinyar, da ita take samun abinci, da ita kuma ta tsaya a tsakiyar macizai har mutanen Kafitol suka fara ihun a fito da ita.

Yanzu ga raunin. Tom Blyth, ɗan Ingilan da ya yi Coriolanus, ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma yana da kyau, kuma kyamara tana sonsa. Makonnin da suka biyo bayan fitar fim ɗin TikTok ta cika da guntayen bidiyonsa, musamman bayan an aske masa gashi an sa masa kakin soja, 'yan mata na rantsuwar cewa da su ne Lucy Gray da sun gyara masa hali. Wasu da wasa suke yi. Wasu kuma da gaske suka fito da fahimtar cewa yaron kirki ne, soyayya ce ta yaudare shi ya lalace.

Wanda ya karanta littafin ba zai faɗi haka ba, domin a can kana zaune ne cikin ƙoƙon kan Coriolanus daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Kana jin yadda yake yi wa mutum murmushi yana raina shi a zuci. Kana jin yadda yake lissafin ribar kowane alheri kafin ya yi shi. Lucy Gray kuwa yana kallonta ne a matsayin kayansa, abin da aka ba shi, har yana ganin ya fi samun kwanciyar hankali lokacin da take kulle a keji don ya san inda take da wanda take tare da shi. Tsuntsayen mockingjay ma tsanarsu yake, don sun hayayyafa ba da izinin Kafitol ba. Francis Lawrence ya ƙi amfani da muryar zuci a fim ɗin, ya bar komai a fuskar ɗan wasan. Na fahimci dalilinsa, muryar zuci takan kashe fim. Amma abin da ya biyo baya shi ne kashi biyu cikin uku na tafiyar mai kallo yana ganin saurayi ne da ke kai wa yarinya mai jin yunwa abinci a keji, ya ba ta kwalin hodar mahaifiyarsa cike da gubar ɓera don ta kare kanta, ya sa hankicin da ke da ƙamshinta a tankin macizai don kada su sare ta. Kowanne daga cikin waɗannan ya cece ta, kowanne kuma ya matso da shi kusa da kuɗin karatun. Littafin bai bar ka ka manta da na biyun ba, fim ɗin ya bari.

Wasu masoya na cewa ai wannan ruɗin shi ne nasarar fim ɗin, tunda ya yi mana abin da Snow ya yi wa Kafitol, ya sa mun so kyakkyawar fuska mun manta da gawarwaki. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ni dai ban yarda duk da gangan aka yi ba. Kamfanin Lionsgate da ya fitar da fim ɗin ya san abin da ke sayar da tikiti.

Kashi na uku

Fim ɗin minti 157 ne, mafi tsawo a jerin, kuma an raba shi kashi uku. Lawrence ya fito fili ya ce ya yi nadamar raba Mockingjay, littafi na uku, gida biyu, don haka ya ƙi maimaitawa a nan. Abin dariya, wannan karon masoya da yawa cewa suka yi da ma an raba. Ni ban ga buƙatar fim biyu ba. Da an rage gudu da sara a fage an ba kashi na uku ƙarin numfashi da ya isa, don a can zuciyar labarin take.

An kama Snow da maguɗi, aka tura shi aikin shekara 20 cikin dakarun da gwamnatin Panem ke kira masu wanzar da zaman lafiya. Ya ba da cin hanci aka kai shi Gunduma ta 12. Sejanus Plinth ya biyo shi. Sejanus ɗan Gunduma ta 2 ne wanda ubansa ya yi kuɗi da sayar da makamai lokacin yaƙi har ya sayi zama a Kafitol, yaron kuma bai taɓa yafe wa kansa ba. Shi ne ya saci jiki ya shiga fage cikin dare don ya barbaɗa ɓarɓashin burodi a kan gawar tsohon ɗan ajinsu kamar yadda ake yi a garinsu. Ya ɗauki Coriolanus ɗan'uwa. Da ya buɗe masa cikinsa cewa yana taimakon wasu su gudu arewa, Coriolanus ya danna na'urar wani tsuntsu mai naɗar magana, ya bar tsuntsun ya tafi Kafitol wurin Dakta Gaul. An rataye Sejanus yana kiran mahaifiyarsa, tsuntsaye suka ɗauki kukan suna maimaitawa a sama, amininsa na tsaye cikin sahun sojoji da bindiga a hannu. Daga baya ya koma ɗaki ya yi kuka a kan kayan mamacin, kukan kuma na gaske ne. Bai hana shi komawa birni ya ci gajiyar dukiyar gidan Plinth ba, iyayen ba su san komai ba.

Wannan ita ce amsar da Collins ta ba masu fargabar za a wanke shi. Ba ta ɓoye wahalar da ya sha ba, sai dai ta jera masa mutanen da suka sha irinta ko fiye. Tigris ta ga abin da ya gani a titi, ta ci miyar kabejin da ya ci, ta zama mai tausayi, kuma ita ce tsohuwar da za ta ɓoye Katniss a ƙarƙashin shagonta ranar da aka zo kifar da shi. Lucy Gray marainiya ce. Sejanus yana da duk abin da Snow ke nema ya watsar. A farkon littafin Collins ta ɗauko maganganun Hobbes da Locke da Rousseau, masanan Turai da suka yi jayayya kan ko ɗan Adam mugu ne a asalinsa sai an danne shi da ƙarfi, ko kuwa da alheri aka haife shi. Dakta Gaul ta ɓangaren Hobbes take, kuma ta jefa Snow cikin fage ne don ya gani da idonsa: cikin 'yan mintuna ɗan gidan mutunci ya rotsa kan wani yaro da sanda, bai tsaya ba ko bayan yaron ya faɗi. Ya yarda da koyarwarta, ba don ta fi hujja ba, sai don ita ce ke ba shi izinin abin da yake son yi.

Ƙarshen ya zo a daji. Sun gudu su biyu, a hanya bakinsa ya suɓuce ya ce mutum uku ya kashe. Ita biyu ta sani, yaron fage da 'yar magajin gari. Ta tambayi na ukun, ya kawo wata maganar banza. A wata bukka kusa da tafki ya gano bindigogin da su kaɗai ne shaidar da za ta iya kai shi ga igiya, yana ɗago kai ya ga tana kallonsa, dukansu biyu suka gane saura shaida ɗaya, ita. Ta ce za ta je tonon wata saiwa a bakin ruwa, saiwar da sunanta katniss. Ba ta dawo ba. Ya tarar da gyalen mahaifiyarsa da ya ba ta a ƙasa, da ya ɗaga maciji ya sare shi, ya shiga harbin bishiyoyi kamar mahaukaci. Ko ya same ta, ba a nuna ba. Sunanta daga wata waƙar William Wordsworth ta 1799 aka ɗauko shi, labarin yarinyar da ta ɓace a dusar ƙanƙara sawunta ya yanke a tsakiyar gada. A littafi wannan juyin ya ɗauki shafuka kana bin yadda zargi ke cin ransa mataki-mataki. A fim cikin mintuna kaɗan aka gama, shi ya sa wasu suka fito suna tambayar me ya same shi haka farat ɗaya. Ba abin da ya same shi, mu ne ba a nuna mana abin da ke cikinsa da wuri ba.

Masoya ba su bar Lucy Gray ta huta ba. Wasu sun ce ta isa Gunduma ta 13, wadda ba ta cikin masu ba da yara, wasu sun ce ita ce tsohuwar da ke sayar da miya a kasuwar bayan fage ta garin su Katniss, wasu na neman dangantakar jini tsakanin ayarin makaɗan da gidan Everdeen. Ni na fi son a bar ta yadda aka bar ta, don rashin sanin shi ne hukuncin Snow. Mutumin da ba ya iya barci sai komai na hannunsa ya shafe shekara 64 bai san ko tana raye ba, sannan wata yarinya daga wannan gundumar ta fito da tsuntsun da ya tsana a ƙirji, daga baya kuma ta rera waƙar da Lucy Gray ta tsara.

A kasuwa fim ɗin bai yi tashin na baya ba. Ya buɗe da kimanin dala miliyan 44 a Amurka, alhali na 2012 ya buɗe da sama da miliyan 150. Sai dai ya daɗe a sinima saboda masu kallo sun yi ta jawo juna, ya tara sama da miliyan 300 a duniya kan kusan miliyan 100 da aka kashe masa. Wannan ya ishi Lionsgate. A watan Yunin 2024 aka sanar da sabon littafi da sabon fim, cikin watan kuma Donald Sutherland ya rasu yana da shekara 88. Shi ne ya taɓa rubuta wa Gary Ross, mai ba da umarnin fim na farko, doguwar wasiƙa kan Snow da mulki, har aka ƙara masa fitowa a lambun furanni, kuma ya sha cewa burinsa fina-finan su zaburar da matasa su shiga siyasa. Ya ga wani abu daga burin nasa: bayan juyin mulkin Tailan na 2014 masu zanga-zanga sun ɗauki gaisuwar yatsu uku ta Katniss, har aka kama ɗalibai a kanta, matasan Myanmar ma suka ɗaga ta bayan juyin mulkin 2021.

Sabon littafin, Sunrise on the Reaping, ya fito a watan Maris na 2025, kuma labarin Haymitch ne, mashayin jagoran Katniss, wanda masoya suka shafe shekaru suna roƙon a ba su. Wasan karo na 50 ne, inda aka ninka yaran suka zama 48. An tsayar da 20 ga Nuwamban 2026 a matsayin ranar fitar fim ɗin, Francis Lawrence ne dai zai ba da umarni, Ralph Fiennes zai yi Snow yana da shekara 58. Littafin ya nuna cewa abin da mutanen Panem suka gani a talabijin na wasan Haymitch an yanke shi an sake jera shi, an cire duk inda yaron ya yi wa gwamnati tsaurin ido, don haka ɗan abin da mu ma muka sani game da shi daga Catching Fire na gwamnati ne. Abin da zan je dubawa shi ne ko kyamara za ta shiga ɗakin da ake yankan hoton ta zauna a can, ko kuwa za a ba fagen da yara 48 mafi yawan lokacin kamar yadda aka yi a wannan.